Mura Mai Kwantarwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jinyarta a Gida

Duk shekara idan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, leɓɓa suka fara tsagewa, sai ka ji gida-gida ana tari da atishawa. Wani a tsaye yake shanye tasa, wani kuma ta kayar da shi kwana huɗu bai leƙa ƙofar gida ba. Waɗannan su ne tambayoyin da masu jinya suka fi maimaitawa, musamman iyaye mata. Wanda yake da majinyacin da numfashinsa ke sarƙewa a yanzu haka, ya tsallake kai tsaye zuwa tambayar alamun haɗari.

Mura ai mura ce. Me ya sa ake cewa iri biyu ce?

Suna ɗaya muke kiransu da shi, amma jiki ya san bambancinsu. Akwai ta yau da kullum, wadda ke shigowa a hankali: hanci na yoyo, atishawa, maƙogwaro na ɗan ƙaiƙayi, amma mutum na zuwa kasuwarsa. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, ita ce mai kwantarwa. Farat ɗaya take zuwa. Da safe lafiya lau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe mutum, kai na sarawa, gaɓoɓi kamar an yi masa dukan taɓarya, ga busasshen tari, ga kasalar da ko ɗaga kofi sai an yi da gaske.

Ƙwayoyin cuta da ake kira bairos ne ke kawo dukansu, sai dai ba iri ɗaya ba. Mafi yawan masu infuluwenza suna warkewa a gida, amma ba abar rainawa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara ta hanyar matsalolin numfashi.

An ce ruwan firji da kwana a ƙarƙashin fanka ne ke kawo ta. Gaskiya ne?

Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura, dole sai ƙwayar cutar ta shiga jiki, kuma daga wani mutum take fitowa, ta tari ko atishawa ko hannun da ya shafi majina. Amma masu cewa “sanyi ne” ba su yi nisa da gaskiya ba. Busasshiyar iskar hunturu da ƙura suna busar da cikin hanci, su raunana kariyarsa. Sannan a lokacin ne muke rufe tagogi mu cunkushe a ɗaki ɗaya, kowa na shaƙar numfashin kowa. Daga lokacin da ƙwayar ta shiga zuwa bayyanar alamu, kwana 1 zuwa 4 ne, yawanci 2.

Ta yaya zan gane mura ce, ba zazzaɓin cizon sauro ba?

Da ido ba za ka gane ba, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a ƙasarmu. Zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, rawar sanyi, duk suna cikin su biyun. Tari da ciwon maƙogwaro da toshewar hanci sun fi karkata ga mura, musamman idan wasu a gidan ma suna yi, amma babu abin da ya hana mutum ɗaukar duka biyun a lokaci guda.

Mafita ita ce gwajin ɗigon jini na yatsa, wanda ake samu a ƙananan asibitoci da manyan shagunan magani, sakamakonsa kuma ba ya wuce minti 15 zuwa 20. Duk wanda zazzaɓi ya kama, yaro ko mai juna biyu musamman, a yi masa shi a ranar. Idan ya nuna akwai maleriya, a sha cikakken maganinta na kwana 3. Idan ya nuna babu, to shan maganin maleriya ɓarnar kuɗi ce kawai. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a ce “mura ce kawai” a zauna ana ba yaro shayi, alhali maleriya ce ke cin jininsa.

Kwana nawa take ɗauka kafin ta saki mutum?

Zazzaɓi da ciwon jiki sukan fi tsanani a kwanaki ukun farko, yawancin mutane kuma sun miƙe cikin mako guda. Tari da kasala su ne masu naci, sukan kai mako biyu ko su ɗan haura. Abin lura shi ne kullum a ga ana samun sauƙi, ko da kaɗan-kaɗan ne. Idan aka ji sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, labari ya canja, duba alamun haɗari.

To mene ne ainihin abin da za a yi a gida?

Hutu da ruwa. Mutane kan raina wannan amsar saboda ba ta da tsada, amma jiki ne da kansa ke yaƙar ƙwayar cutar, aikinmu shi ne mu sauƙaƙa masa. Magidanci yakan ce idan bai fita ba gidan ba za a ci ba, kuma gaskiyarsa ce. Sai dai wanda ya daure ya fita da zazzaɓi sau da yawa kwana biyun da ya ƙi bayarwa sai su zame masa mako, ga kuma waɗanda ya shafa wa a mota da masallaci.

Zazzaɓi na ƙona ruwan jiki, don haka a riƙa kurɓa a kai a kai ko ba a jin ƙishirwa: ruwa mai ɗumi, kunun tsamiya, koko, shayi marar kauri, romon kaza ko na kifi. Fitsari ne ma'auni. Idan ya yi ja ko ya ragu sosai, ruwan bai isa ba. Idan akwai amai ko gudawa, wanda yara kan yi, a haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, ko a yi na gida: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abinci kuwa kada a matsa wa majinyaci, ɗan fate ko kunu kaɗan-kaɗan ya wadatar har baki ya dawo.

Nawa ne adadin farasitamol da ya kamata a sha?

Babba yana shan ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500, tsakanin sha da sha a bar aƙalla awa 4 zuwa 6, kuma kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Mai ciwon hanta ko wanda ya rame sosai sai ya tambayi likita, don nasa bai kai haka ba. Na yara kuwa da nauyinsu ake aunawa, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, a kuma yi amfani da ma'aunin da ya zo cikin kwalin, ba cokalin kicin ba.

Ga inda ake yawan faɗawa ba a sani ba. Magungunan mura irin su Procold da Mixagrip akwai farasitamol a cikinsu. Mutum ya sha biyu na mura, ya ɗora Panadol biyu, bayan awa uku ya maimaita, yana ganin magunguna daban-daban yake sha, alhali abu ɗaya yake loda wa hantarsa. A zaɓi ɗaya. Irin waɗannan ƙwayoyin kuma suna da sinadarin buɗe hanci mai iya ɗaga hawan jini, da wani mai sa barci, don haka mai hawan jini da direba da ɗan acaɓa su kiyaye.

Asfirin da ibuprofen fa?

Asfirin ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba idan yana mura ko ƙarambau, saboda yana iya jawo wata mummunar cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa, hukuncinsu ɗaya. Ibuprofen yana sauke zazzaɓi da ciwon jiki, amma a sha shi bayan an ci wani abu, kuma mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi.

Mai kemis ya ba ni Ampiclox, ya ce a ɗora allura don ta fi saurin aiki. In karɓa?

Kada ka karɓa, Malam. Ampiclox da Amoxil da Septrin an yi su ne don kashe bakteriya, wato wani nau'in ƙwayoyin cuta na daban, bairos mai kawo mura kuwa ko gezau ba ya yi da su. Wanda ya sha ya warke bayan kwana biyar, ko bai sha ba a kwana biyar ɗin zai warke. Illar kuwa tana nan: gudawa, ƙuraje, sannan ƙwayoyin bakteriyar da ke jiki su saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Majina ta zama kore ko ɗorawa ma ba hujja ba ce, haka mura ke yi idan ta nuna.

Akwai lokacin da bakteriya kan biyo bayan mura ta sauka a huhu ko kunne, a nan maganin ya zama dole, amma ma'aikacin lafiya ne zai duba ya yanke. Allura da ƙarin ruwa kuma ba su da wani sirri. Mutumin da ke iya sha da bakinsa ba ya buƙatar a rataya masa leda.

Zuma, citta, kanumfari, lemon tsami: suna magani ko al'ada ce kawai?

Ba sa kashe ƙwayar cutar, amma suna sauƙaƙa wahala, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne. Zuma ce ta fi samun shaidar masu bincike wajen lafar da tarin dare. Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu kafin barci, ita kaɗai ko cikin ruwan ɗumi da lemon tsami. Shayin citta da kanumfari yana ɗumama maƙogwaro ya kuma ƙara wa jiki ruwa, sai dai mai gyambon ciki ya rage yaji. Ga ciwon maƙogwaro, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure har can ciki a tofar.

Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci a kansa: jaririn da bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi zuma ko ɗigo. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar da hanjin babba ke iya yi da ita, amma na jariri ba ya iyawa, har ta kai ga shanye masa jiki da numfashi.

Sirace fa? Mu da shi muka tashi.

Babba mai hankalinsa idan ya yi sirace yakan ji hancinsa ya buɗe na ɗan lokaci, ko da tazargade ko da ruwa zalla, amma ba ya rage kwanakin mura. Ga yara kuwa ina roƙo a bari. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara uku da aka lulluɓe da bargo a kan roba cike da tafasasshen ruwa. Zafi ya ishe ta, ta zabura, ruwan ya kife mata a cinya. Murar ta warke cikin mako, ƙunar kuwa wata biyu ana wankinta, uwar na kuka tana cewa taimakonta take son yi. Kuma gaskiya ta faɗa.

Idan ana son laima a ɗaki saboda bushewar hunturu, a shanya jiƙaƙƙen zane ko a ajiye kwanon ruwa nesa da inda yara ke wasa.

Za mu iya shigar da kaskon wuta ɗaki don majinyaci ya ji ɗumi?

Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma iyali guda sukan kwanta da ita ba su tashi ba. Alamunta na farko ma kama suke da na mura, shi ya sa ake ruɗewa. Haka hayaƙin janareta idan yana kusa da taga. A ɗumama ɗakin da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin barci, a ƙara bargo. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma suna tayar da tari, a ɗaga musu ƙafa, a shiga gidan sauro.

Mai zazzaɓi kuma kada a danne shi da barguna uku wai sai ya yi gumi. Tufa marar nauyi da mayafi ɗaya sun isa.

Jaririna hancinsa ya toshe, ya kasa kama nono. Yaya zan yi?

'Yar'uwa, jariri da hanci yake numfashi, shi ya sa toshewar ke hana shi tsotso. Ki nemi ruwan gishirin ɗiga wa hanci a shagon magani, ki ɗiga ɗaya ko biyu a kowace ƙofa minti kaɗan kafin shayarwa, ki goge abin da ya fito da tsumma mai laushi. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan amma sau da yawa, kina ɗan ɗaga shi. Ko ke ce mai murar kada ki daina shayarwa, nononki na ɗauke da kariyar da jikinki ya haɗa. Ki wanke hannu ki sa takunkumi kawai.

Kada a cusa masa Robb ko wani man zafi a hanci, kuma ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2. Idan bai kai wata 3 ba kuma zafin jikinsa ya kai digiri 38, babu jinyar gida, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne.

Wane maganin tari ne ya fi kyau? Wasu kuma sun ce beli ne, a kai wa wanzami.

Tari hanya ce da ƙirji ke fitar da majina, ba kullum ake son danne shi ba. Yawancin ruwan maganin tari amfaninsu kaɗan ne, yaran da ba su kai shekara 6 ba kuwa ba a ba su sai da umarnin likita. Zuma da ruwan ɗumi, kamar yadda ya gabata, sun fi aminci. Mai kodin kuwa a nisance shi. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi tun 2018 saboda yadda ya lalata matasa, kuma yana iya danne numfashin yaro.

Beli ba shi ne ke kawo tari ba, kowa da shi aka halicce shi, kuma yakan yi ja idan maƙogwaro ya kumbura. Yanke shi ga yaron da ke fama da mura ƙarin rauni ne, ga zubar jini, ga haɗarin sarƙe-haƙora da cututtukan da aska ke ɗauka.

Waɗanne alamun haɗari ne ke nuna jinyar gida ta ƙare?

Ga babba: numfashi na yi masa wuya ko yana haki a zaune, ciwon ƙirji, tari da jini, ruɗewa ko sambatu, kasa riƙe ruwa saboda amai, fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓin da ya wuce kwana 3 ba sauƙi. Haka wanda ya fara warkewa sannan zazzaɓi da tari suka dawo fiye da da, wannan sau da yawa nimoniya ce, wato ciwon huhu. Wuya ya sanƙare tare da matsanancin ciwon kai kuwa, musamman daga hunturu zuwa bazara, sanƙarau ake tsoro, ba a jiran gari ya waye.

Ga yaro, a ƙirga numfashinsa. A jira ya natsu ko ya yi barci, a ɗaga rigarsa, a duba agogon waya, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya cur. Ya yi sauri idan ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko yana gurnani, ko leɓɓansa sun canja launi, ko ya ƙi nono da ruwa gaba ɗaya, ko ana tashinsa ba ya farkawa sosai, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Idan ya yi jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. Sai asibiti.

Su wane ne bai kamata su tsaya jiran waɗannan alamun ba?

Mai juna biyu da mai jego, yara 'yan ƙasa da shekara 5, dattawan da suka haura 65, masu asma ko ciwon zuciya ko suga ko ƙoda, masu cutar ƙanjamau, da masu sikila. Waɗannan su ga likita tun ranar farko ko ta biyu. Akwai maganin infuluwenza na musamman, oseltamivir, wanda ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 48, kuma likita ne ke rubuta shi. Mai sikila zazzaɓinsa ya kai digiri 38, a ranar za a kai shi, don ƙarancin ruwa da zazzaɓi na tayar masa da ciwon ƙashi da na ƙirji.

Gidanmu ɗaki biyu ne, mu goma. Yaya za a hana kowa ɗauka?

Ba lallai a iya hanawa gaba ɗaya ba, amma ana iya kare mafi rauni. Mutum kan fara yaɗa ta kwana guda kafin ya ji alamu, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7, yara ma fiye. A raba shimfiɗar majinyaci da ta jariri da kaka. A ware masa kofinsa da cokalinsa, a bar cin kwano ɗaya na 'yan kwanaki. A buɗe taga da rana. A wanke hannu da sabulu, ba tsoma hannu a ruwan kwano ɗaya ba. Rufe fuska lokacin atishawa kuwa tun daga sunna muka gaje shi, domin Annabi (SAW) yakan rufe fuskarsa da hannu ko tufarsa ya kuma sassauta murya. Ɗan makaranta ya zauna gida har zazzaɓi ya yi kwana guda da sauka ba tare da magani ba.

Idan ta kama ni cikin azumi fa?

Murar yoyon hanci ba ta hana azumi. Amma mai zazzaɓi mai zafi da ke buƙatar ruwa da magani, Alƙur'ani ya yi masa rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama daga baya. Wanda ke shakkar matsayinsa ya tambayi malaminsa da likitansa.

Akwai rigakafinta?

Akwai, kuma duk shekara ake sabunta ta saboda ƙwayar na sauya kama. Ba ta cikin jerin alluran yara na kyauta a Najeriya, an fi samunta a asibitoci masu zaman kansu. Hukumomin lafiya na Saudiyya suna shawartar maniyyata su yi ta kafin tafiya, kuma duk wanda ya ji tarin da alhazai ke dawowa da shi ya san dalili. Allurar sanƙarau da ake wajabta wa maniyyata daban take, ba ta kare mura. Yara kuma a cika musu alluransu na yau da kullum, domin Penta da PCV suna kare su daga manyan ƙwayoyin nimoniyar da ke biyo bayan mura.

Mura ta tafi amma tari ya ƙi tafiya. Har yaushe zan jira?

Busasshen tarin da ke raguwa kullum, ba zazzaɓi, ba rama, saura ne kawai, ƙurar hunturu ma na ƙara masa kwana. A sa takunkumi idan za a fita, a ci gaba da ruwan ɗumi. Amma idan ya cika mako 2 bai ragu ba, ko ya zo da gumin dare, ko zazzaɓin yamma, ko rama, ko jini a kaki, a je a yi gwajin tarin fuka. Kaki kawai ake bayarwa, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin kuma wata 6 ake sha ba tsallake. Idan ya tabbata, a kai sauran mutanen gidan su ma a duba su, yara ƙanana a gaba.